Fitilun mota na dishewa in wufa ta buga: waya za ka canza, ko kafasita, ko batir, ko altaneta?

Alamar kusan ɗaya ce a kowace mota. Da dare, a cikin cunkoso, esi a kunne, ka ɗan ƙara murya, sai fitilun gaba su riƙa dishewa suna dawowa tare da bugun wufa, wato babbar sifikar bes. In abin ya yi nisa sai amfilifaya ta ɗauke gaba ɗaya, jar fitilarta ta kama, bayan ɗan lokaci ta dawo. Ka tambayi mutum huɗu, za ka ji magani huɗu. Mai shagon kayan sauti zai ce kafasita, wato 'yar na'urar da ke ajiye wuta kaɗan ta saki da sauri. Mai batir zai ce naka ya yi ƙanƙanta. Mai wayarin zai ce a sake waya, wani kuma ya ce ai altaneta ce ba ta caji. Kowannensu yana iya yin gaskiya, amma ba a kan mota ɗaya ba, domin abubuwan nan huɗu ba ciwo ɗaya suke warkarwa ba.

Wuta tana raguwa ne a ɗayan wuri biyu. Ko dai a hanya, tsakanin batir da amfilifaya, ko kuma a tushe, wato altaneta ba ta samar da abin da ake ja. Ciwon hanya waya da haɗi ne maganinsa. Ciwon tushe kuwa duk kaurin wayar da ka saka ba zai taɓa shi ba. Shi ya sa nake ganin duk wanda ya fitar da kuɗi kafin ya auna, canki-canki yake yi. Kuma awon bai fi na minti goma sha biyar ba.

Ɗan lissafi kafin a ɗauki maltimita

Batir mai lafiya da ya cika, inji a kashe, yana nuna bolt 12.6. Da an tayar da mota altaneta za ta ɗaga shi zuwa tsakanin 13.8 da 14.4 a yawancin motoci. Wannan ita ce wutar da amfilifaya ke son gani a bakinta. Matsalar ita ce bolt 14 kaɗan ne ƙwarai, saboda haka in ana son ƙarfi mai yawa dole amfiya, wato yawan wutar da ke gudana a waya, ta yi yawa. Amfilifaya mai wat 1000 na gaske, irin ta ajin D wadda ke mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da ta ja zuwa sauti, tana buƙatar wajen wat 1250. Raba shi da 13.8, za ka samu kimanin amfiya 90. In tsohuwar ajin AB ce, wadda kusan rabin abin da take ja zafi yake zama, lissafin yana haura amfiya 120.

Bolt ɗin da ke ɓacewa a waya shi ne amfiya sau turjiyar wayar. A kan amfiya 90, turjiyar om 0.01 kacal (om shi ne ma'aunin turjiya) tana cinye bolt 0.9. Ka riƙe wannan adadin, don shi ne ke bayyana komai. Om 0.01 abu ne da kan noti ɗaya mai tsatsa zai iya haifarwa. Shi ne kuma dalilin da ya sa auna om da ƙaramar maltimita, wato na'urar auna wuta ta hannu, ba ya gaya maka komai: wayoyin maltimitar kansu sun fi wannan turjiya nesa ba kusa ba.

Kafin ka ce amfilifayarka tana jan amfiya 90, duba fis ɗin da ke jikinta, ka manta da lambar da aka zana a kwali. Wadda aka rubuta wa wat 3000 amma fis ɗinta guda ne mai amfiya 25, iyakar abin da za ta iya ja wajen wat 350 ne. Mai fis biyu na 30-30 ba za ta wuce wat ɗari shida da wani abu na sauti ba. Mutane da dama suna sayen waya saboda lambar kwali, wasu kuma suna raina waya saboda ba su taɓa lissafawa ba.

Me ya sa ma za a damu da bolt ɗaya ko biyu? Amfilifayar da ba ta daidaita wutarta a ciki, ƙarfinta yana faɗuwa fiye da yadda bolt ya faɗi: daga 14.4 zuwa 12, kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin ya tafi. Mai mota ya ji sautin ya yi sanyi, ya ƙara murya, sautin ya fara fashewa, kuma wannan fasasshen sautin shi ke ƙona zaren wufa. Wadda ke daidaita wutarta kuwa, in bolt ya sauka sai ta ƙara jan amfiya don ta cike gurbi, wayar ta ƙara zafi, faɗuwar ta ƙaru. Yawancinsu suna kashe kansu in wutar ta gangaro wajen bolt 10.

Awon da ke raba gardama

Tayar da mota, kunna fitilu da esi kamar yadda kake yi in matsalar ta taso. Sa waƙa mai bes mai jan lokaci, ko ƙara guda mai ɗorewa, a muryar da ka saba. Kada ka bar irin wannan ƙarar ta daɗe, 'yan daƙiƙoƙi sun isa a karanta lamba. Maltimita a kan DC, fara aunawa a kan batir ɗin kansa, a jikin dalmar, ba a jikin abin da ya matse ta ba. Sannan ka koma but ka auna a bakin amfilifaya, tsakanin fozitif da negetif ɗinta. Dole sautin yana bugawa. Waya mai siririn gashi ma za ta nuna maka bolt 14 cif in ba a jan komai ta cikinta, kuma a nan ne ake yawan ruɗuwa, a auna rediyo a kashe a ce wuta lafiya lau.

In batir yana tsaye a 13.8 amma bakin amfilifaya ya sauka 12.5, ciwon hanya ne. In duka biyun suna sauka tare, batir 12.4 amfilifaya 12.2, hanya lafiyarta ƙalau, tushe ne ya gaza. Bambancin da bai kai rabin bolt ba abin karɓa ne. Ya haura haka, a nemi inda ya tafi.

Neman ba wuya. Ƙara wa maltimita doguwar waya, ko siririya ce ba komai, tunda ita ba ta jan wuta. Sa baki ɗaya a fozitif na batir, ɗayan a fozitif na amfilifaya: lambar da ka gani ita ce abin da layin fozitif ya cinye. Yi haka tsakanin negetif da negetif, ka ga abin da hanyar dawowa ta cinye. Daga nan ka bi gaɓa-gaɓa: gefe biyu na gidan fis, dalmar batir da abin da ya matse ta, kan wayar bodi da ƙarfen da aka ɗaure ta. Haɗi mai kyau kusan sifili yake nunawa. Wanda ya nuna 0.2 ko 0.3 shi kaɗai, ka kama ɓarawon. Sau da yawa ma hannu yana riga maltimita: bayan minti biyar na kiɗa, gaɓar da ta yi ɗumi fiye da sauran ita ce.

Waya: jan ƙarfe zalla ko CCA

A nan zan daɗe, don a nan ne aka fi cutar mutane kuma a nan ne kuɗi kaɗan ke yin aiki mai yawa.

Wayar kayan sauti ana sayar da ita da lambar geji ta Amurka, inda lamba ke raguwa in kauri ya ƙaru. Geji 8 ƙarfen cikinta wajen mm² 8.4 ne, geji 4 wajen 21, geji 0 wajen 53. Daga bonet zuwa but a motar gida ana cin kamar mita 5. A kan amfiya 90, jan ƙarfe na geji 8 zai cinye bolt 0.9 a wannan tsawon, ya kuma mayar da wat 80 da ɗoriya zuwa zafi a ƙarƙashin kafet ɗinka. Geji 4 zai cinye ƙasa da 0.4. Geji 0 kuwa 0.15 kacal. Wannan duk kafin a lissafa fis da haɗe-haɗe da hanyar dawowa.

CCA alminiyam ne da aka lulluɓe da jan ƙarfe siriri ta waje. A ido, daga gefe, ba ka bambanta su. Alminiyam yana ɗaukar wuta kusan kashi 61 cikin ɗari na yadda jan ƙarfe ke ɗauka, lulluɓin ya ƙara ɗan kaɗan. Don haka CCA na geji 4 zai cinye kusan 0.6 a inda jan ƙarfe ya cinye ƙasa da 0.4.

Adalci ga CCA: ba shara ba ce. CCA na geji 0, in kaurinta na gaskiya ne, tana daidai da jan ƙarfe na geji 2, wato ranar farko ta fi jan ƙarfe na geji 4 riƙe wuta, kuma sau da yawa ta fi shi araha. Wanda aljihunsa bai kai ba, ya sayi CCA mai kauri, ya haɗa ta da kyau, zai ji bambanci nan take. Abin da ya sa duk da haka ba na ba da shawararta sai dole shi ne yadda take tsufa. Alminiyam da iska ta taɓa shi yana yin wata fata da ba ta wuce wuta. A bakin waya, inda aka yanke, alminiyam da jan ƙarfe suna haɗe a fili, da danshi ya shiga sai alminiyam ɗin ya fara cinyewa ya zama farin gari. Kusa da batir, inda tururin asid yake, abin ya fi sauri. Sannan alminiyam yana da laushi: ka matse shi da sukuru yau, zafi da sanyi su yi ta aiki a kansa, bayan wata biyu-uku sukurun ya saki. Haɗin da ya saki yana zafi, zafi ya ƙara sakin. Wanda zai yi amfani da CCA, ya san ya ɗaukar wa kansa aikin duba bakunan nan lokaci-lokaci, musamman bayan damina.

Ciwon da ya fi CCA muni shi ne ƙaryar kauri. Za ka ga fakiti mai kyau, waya ja mai sheƙi, an rubuta geji 4, kaurinta ta waje daidai, amma ka yanka ka ga roba ce ta cika wurin, ƙarfen ciki bai wuce na geji 8 ba. In kuma aka haɗa ƙaryar kauri da CCA, abin da ka saya a zahiri yana kusa da jan ƙarfe na geji 10. Araha ba ta ado. Ba ka buƙatar na'ura don gane wannan. Ka sa a yanka maka baki a gabanka ka kalli fuskar yankan: jan ƙarfe ja ne har ciki, CCA fari ne a tsakiya. Ka kankare sili ɗaya da wuƙa, in fari ya fito ka san abin da kake riƙe da shi. Ka ɗaga ka ji nauyi, don jan ƙarfe ya ninka alminiyam nauyi fiye da sau uku. Ƙarfen cikin mita ɗaya na mm² 25 yana kai giram 220 da 'yan kai, CCA mai wannan kaurin ko rabi ba ta kai ba. Da laita ma ana gwadawa: silin CCA yana lanƙwashewa ya narke nan da nan, tunda alminiyam yana narkewa a digiri 660, shi kuwa jan ƙarfe sai ya haura 1000. Akwai wata waya mai kyau da kan ruɗa mutane, jan ƙarfe da aka shafa wa kuza: fara ce ta waje, ja a ciki. Ita ce ma ta fi jure danshi.

Zaɓi na uku, wanda na fi so ga mai neman inganci ba ado ba, shi ne wayar walda. Ana sayar da ita da mm², 16, 25, 35, 50, tana da laushin lanƙwasawa, robarta tana jure zafi da gogayya. Ta 25 ta ɗan fi geji 4, tana cinye wajen 0.3 a lissafinmu. Ta 35 wajen 0.2. Ba sai ka je shagon kayan sauti ba, wurin masu kayan walda da ƙarafa za ka same ta, irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Ita ma akwai jabunta, don haka gwajin yanka da nauyi yana nan daram. Rauninta biyu: wata robar ba ta son mai da man inji, sai a sa mata riga a ɓangaren bonet, kuma kaurinta wani lokaci ba ya shiga bakin amfilifaya sai da ɗan kan ragewa. Kada a yarda mai haɗi ya aske rabin silin don ta shiga.

Hanyar dawowa

Wutar da ta tafi ta wayar fozitif dole ta dawo batir, kuma ta jikin mota take dawowa. Mutum zai kashe kuɗi a kan mita 5 na jan ƙarfe, sannan a ɗaure masa negetif da guntuwar siririyar waya a kan sukurun da ke riƙe kafet, bisa fenti. Cikin duk abubuwan da ke haddasa faɗuwar wuta, wannan ne na fi zargi tun kafin a auna, kuma gyaransa kusan kyauta ne.

Wayar bodi ta zama kauri ɗaya da ta fozitif, gajeriya, kada ta wuce rabin mita in da hali. A nemi ƙarfe mai kauri wanda yake jikin gangar motar, ba wani falle da aka manna ba. A goge fenti da samfefa har ƙarfe ya yi fari, a sa kan waya mai rami wanda aka matse da kyau, ba sili da aka naɗe a wuyan noti ba, a ɗaure tam, sannan a shafa giris ko fenti ta sama saboda tsatsa. Notin bel ɗin kujera ba wurin haɗa waya ba ne. Wannan aikinsa ceton rai ne, a bar shi yadda kamfani ya ɗaure shi. Motar da ta taɓa haɗari aka yi mata aikin bodi, a yi hattara da ita, don wani ɓangaren da ake gani ƙarfe cike yake da hoda a ƙarƙashi.

Akwai kuma wayoyi uku na asalin mota da duk wutar ke bi: daga altaneta zuwa fozitif na batir, daga negetif na batir zuwa bodi, da daga inji zuwa bodi. Kamfani ya auna su ne da buƙatar mota, ba da amfilifaya ba, kuma a motocin da suka sha shekaru kafin su iso hannunmu galibi sun yi kore a baki. Ƙara wa kowacce waya mai kauri a gefenta, ba tare da cire ta asali ba, aiki ne na ƙasa da mita 3 na waya. Ba ya ƙara wa altaneta amfiya ko ɗaya, amma yana barin abin da ta samar ya iso. Ita ta altaneta zuwa batir tana son nata fis. A sababbin motoci kuma, duba negetif na batir: in akwai ɗan akwati mai soket a jikinsa, na'urar auna wuta ce da kwamfutar mota ke dogaro da ita. Duk wata sabuwar waya ta bi ta bayanta, kada ta tsallake ta. Irin waɗannan motocin suna sauke caji zuwa bolt 12 da wani abu da gangan a wasu lokuta, kada ka ga haka ka ce altaneta ta mutu.

Fis ba a ciniki a kansa. A sa shi kusa da batir, cikin santimita 45 ko ƙasa, domin wayar yake karewa ba amfilifaya ba: in roba ta goge a inda waya ta ratsa ƙarfe, batir zai iya tura ɗaruruwan amfiya, mota ta kama wuta. Girmansa ya bi kaurin waya. Abin da aka saba shi ne 40 zuwa 60 ga geji 8, 100 zuwa 150 ga geji 4 na jan ƙarfe, CCA kuma a rage. Tsakanin fis mai gilashi da ake matsewa a cikin bututun roba da mai faɗi irin ANL da ake ɗaurewa da noti, in amfiya ta haura 60 ka ɗauki na noti. Na gilashin ƙananan sukurorinsa suna saki, gidan ya narke alhali fis ɗin bai yanke ba. Wanda ya naɗa waya a madadin fis da ya ƙone, ya cire kariyar ce gaba ɗaya.

Kafasita

Ita ce aka fi tallatawa, ga ta da fitila da lambobi masu haske, kuma ita ce ta ƙarshe a wurina. Kafasita ba ta samar da wuta, tana ajiye kaɗan ne ta saki da sauri. Mai farad 1 (farad shi ne ma'aunin girman kafasita), in aka bar ta ta sauka da bolt ɗaya, za ta ba da amfiya 90 na kimanin kashi ɗaya cikin 90 na daƙiƙa. Bes mai zurfi da ke kaɗawa sau 40 a daƙiƙa, ko rabin kaɗawa ɗaya ba ta ɗauke ba. Da ta zube kuma daga altanetar nan dai za ta sake cika. Kamar ajiye kofi ne a gidan da famfo ba ya kawo ruwa.

Tana da inda take amfani: waya lafiya, altaneta na isa, sai dai ɗan ƙiftawar fitila a kan bugun ganga mai kaifi. A nan tana iya lallashe ƙiftawar. In za a saka ta, a liƙa ta kusa da amfilifaya, a fara cika ta a hankali ta cikin ƙwan fitila, in ba haka ba tartsatsin farko zai iya yanke fis. Amma wanda amfilifayarsa ke ɗaukewa a tsakiyar waƙa, kuɗin kafasita da ya sa su a jan ƙarfe.

Batir na biyu ko babbar altaneta

Waɗannan biyun su ne na ciwon tushe, kuma ana yawan musanya su alhali aikinsu daban.

Batir ba ya riƙe mota a bolt 14. Ba ya fara ba da gudummawa sai wutar ta sauko kusa da nasa matakin, wajen 12.6. Abin da batir na biyu ke yi shi ne hana faɗuwa ta zarce ƙasa sosai, musamman in an ajiye shi a but kusa da amfilifaya, inda zai amsa bugu ba tare da bin doguwar waya ba. Tunda kiɗa ba ya jan cikakken ƙarfi ko yaushe, matsakaicin abin da ake ja ya yi ƙasa da ƙololuwa nesa, batir yana cike gurbin ƙololuwar sannan ya farfaɗo a tsakani. Wannan yana aiki muddin matsakaicin bai fi ƙarfin altaneta ba. In ya fi, batura biyu za su riƙa zubewa tare, a hankali, kuma altaneta ta sami ƙarin baki da za ta ciyar.

Inda batir na biyu ba shi da abokin takara shi ne sauti inji a kashe. Masu tallan magani da lasifika a kasuwa, motocin sanarwa da na yaƙin neman zaɓe, mai kunna karatu ko wa'azi a tsaye na awoyi: waɗannan babbar altaneta ba ta amfane su da komai. Su nemi batir mai jure zubewa irin na sola, a raba shi da na tayar da mota ta hanyar rile mai ƙarfi, don kada a tashi tafiya mota ta ƙi kik. Mai Ah 100 (Ah shi ne ma'aunin cajin da batir ke ɗauka), in ana son ya yi ƙarko, rabinsa ake ci. A kan jan amfiya 10 wajen awa 5 ke nan. Batirin tayar da mota ba a gina shi don irin wannan zubewa ba, 'yan lokuta kaɗan ya lalace. Duk batirin da zai zauna a but ko cikin mota ya zama rufaffe irin AGM, a ɗaure shi da ƙarfe, domin mai ruwa yana fitar da iskar da ke kama wuta in yana caji. Wayar da ta haɗa batura biyu tana son fis a kowane gefe, tunda wuta na iya zuwa daga ko'ina. Batirin litiyam yana zama a bolt mafi tsayi, wajen 13.2, abin sha'awa ne ga sauti, amma ba ya son zafi, yana iya jan caji fiye da yadda ƙaramar altaneta za ta jure, kuma ba a haɗa shi kai tsaye da na dalma sai wanda ya san aikin.

Altaneta ita kaɗai ce a cikin huɗun ke ƙara wutar da babu. Ta ƙananan motoci galibi tana tsakanin amfiya 70 da 130, kuma wannan lambar ta lokacin da inji ke gudu ce. A silo ba ta ba da ita, in ta yi zafi ma ta ƙara raguwa, ga shi a yankinmu ƙarƙashin bonet ba ya rabuwa da zafi. Daga abin da ya rage, fitilun gaba biyu masu wat 55 sun ɗauki wajen amfiya 8, fankar esi da fankokin lagireto sun ɗauki nasu mai tsoka, famfon mai da kwamfuta su ma. Shi ya sa ciwon ke bayyana a cunkoso ya ɓace a kan babbar hanya. In ka ɗan taka totur har juyin inji ya kai 2000 a minti ka ga lambar ta koma 13.8, ka san altaneta ce ke kasawa a silo.

Kafin a yanke mata hukunci a duba masu araha. Fambel da ya saki ko ya yi santsi yana zamewa daidai lokacin da aka ɗora nauyi. Kabon da ya cinye yana rage caji. Dayod guda in ya mutu, altaneta za ta ci gaba da aiki amma da ragaggen ƙarfi, sau da yawa tare da wani kuka a sifika mai bin totur. Sa maltimita a kan AC a bakin batir inji na aiki, in ka ga ta doshi rabin bolt akwai magana. Shi kansa batir na farko in ya tsufa yana jawo irin wannan alamar, a kai shi a gwada da nauyi.

In duk waɗannan lafiya, to sauyi ya zama dole, kuma shi ne mafi tsada. Hanya mafi sauƙi ita ce neman altanetar wata motar kamfani ɗaya mai babban inji wadda mazauninta da soket ɗinta suka yi daidai. Masu ƙarfin musamman da ake shigowa da su, tambayar da za ka yi ita ce nawa suke bayarwa a silo, don akwai mai babbar lamba da ba ta kai ta asali ba in mota na tsaye. Kuma babbar altaneta a kan tsofaffin wayoyin nan uku ɓarnar kuɗi ce, dole su tafi tare.

To wa ya kamata ya sayi me? Mai amfilifaya ɗaya da fis ɗinta bai wuce 40 ba: jan ƙarfe na geji 8 na gaskiya, ko wayar walda ta 16, da wayar bodi mai kyau, shi ke nan. Mai wat 600 zuwa 1000: geji 4 ko walda ta 25 zuwa 35, fis na noti, a ƙarfafa wayoyin nan uku, a sake aunawa kafin a ƙara sayen wani abu. Wanda ya haura haka kuma yana son bes ɗinsa a cikin gari, ba makawa sai altaneta, batirin but ya biyo baya.

Sai wanda awo ya nuna tushensa ya gaza kuma kuɗin altaneta babu, ko mai adaidaita sahu da cajin injinsa ƙarami ne tun asali. Shi mafitarsa rage buƙata. In tsohuwar amfilifaya ce ta ajin AB ke tura wufa, musanya ta da ta ajin D mai ƙarfi ɗaya yana sauke jan wuta da kusan kashi ɗaya cikin uku. A rage madaidaicin shigar sauti da ke jikin amfilifaya, wanda masu haɗi kan murɗe har ƙarshe, a kashe maɓallin ƙarin bes, a kuma duba yadda aka haɗa wufa: biyu masu om 4 da aka jera gefe da gefe sun zama om 2, suna jan kusan ninki biyu, kuma ba kowace amfilifaya aka gina don haka ba.